Koriyar Rigar da Na Sa Kika Ɓoye

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fatan kin samu hutun da ba ki taɓa samu a nan ba. Rahila ce, autarki. Ina nan a unguwar Narayi ina koyar da 'yan nazare, masu majina da tambaya ba iyaka.

Makon nan darasinmu a kan masu yi wa jama'a hidima ne. Hoton da makaranta ta ba ni in manna a bango yana da likita, nas, ɗan sanda, malami da ɗan kwana-kwana. Na dube shi sama da ƙasa, babu mai shara ko ɗaya. Haka na manna shi.

Na ce kowa ya faɗi aikin iyayensa. Kin san yara, har wanda babansa ke gadi ya mai da shi janar. Wata yarinya, Keziya, ita kaɗai ta sunkuyar da kai tana murza bakin riga. Na san babanta, shi ke tura kura gida-gida yana kwashe shara a unguwar. Shekararta biyar fa, Mama. Yaushe har ta koyi jin kunyarsa?

Ni kam na san yadda ake koya. A firamare na ce wa 'yan ajinmu ke nas ce, alhali goge-goge kike yi a asibiti. Hanyarki ta dawowa ta bi ta gaban makarantarmu, sai na roƙe ki ki daina wucewa da koriyar rigar aikinki. Ba ki yi faɗa ba. Kika fara tafiya da mayafi a leda, ki tsaya bayan rumfar mai faci ki lulluɓa, ko da rana na dukan kai, har na gama aji shida. Sau ɗaya kawai kika tanka, kina dariya: "Ke 'yar nan, likita ma sai na gama yake shiga."

Washegarin darasin nan na zauna a 'yar kujerar yaran, na faɗa musu aikin mamata. Na ce jini da amai kike gogewa don kada mai ciwo ɗaya ya koma gida da biyu. Sannan na tambaye su yadda Narayi za ta zama in aka yi mako ba a kwashe shara ba. Suka toshe hanci suna dariya. Can sai Keziya ta ɗaga hannu ta faɗi aikin babanta. Aji ya kaure da hayaniya, ashe duk sun san shi, kullum suna ɗaga masa hannu a hanya. Ni da ke koyarwar ce na fi kowa buƙatar darasin.

Mun koyi cewa duk wanda ya yi mana hidima sai mu gode masa, don haka suka dage sai in kawo ki su gode miki. Na ce kin tafi wurin Ubangiji. Keziya ta tsura mini ido ta ce, "Anti, to ke kin ce mata na gode?"

Na sallame su hutun tara tun lokaci bai yi ba, na rufe ƙofa na yi kuka.

Ban ce ba, Mama. Na samu shekaru talatin tare da ke, ban ce ba. Na gode. Ki yafe mini.

Ubangiji ya ba ki hutawa a gabansa, ya sa yaran da ke hannuna su fi ni sanin darajar iyayensu. Amin.

Taki har abada,
Rahila, 'yar mai goge-goge