Rumbun Cindo da Ƙwayar Kashe Yunwa

Dakoro, watan Maris 1964

Zuwa ga ƙanena Cindo, a Maraɗi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya zafin Maraɗi da dakon buhunan gujiya? Mu nan lafiya lau. Matarka Ladidi da yara suna gaishe ka, ɗan autanka Abarci har ya fara zama.

Kwalbar maganin da ka karɓo mini a farmasi ta iso ta hannun Hamma direba, Allah ya saka. Tunda kai ma kana cikin masu ce mini Giwar Dakoro, to ka sani zanena ya fara zagaye ni har da saura. Dokar lokotoro, likitan da ya rubuta mini shi, nake bi sau da ƙafa. Ƙwaya ɗaya da safe ba ƙari, in ci abinci ko ban ji marmari ba, in sha ruwa da yawa, kowane wata majo, ma'aikacin jinya na asibitinmu na nan Dakoro, ya auna jinina. Ya ce in na ji zuciyata tana bugawa da ƙarfi in daina, kuma maganin na 'yan watanni ne. Abin da ya fi ja mini kunne a kai shi ne kada in ba kowa, balle mai ciki ko mai goyo.

To nan fa ake yin ta. Ka san garinmu, ba a rowar magani. Tun da aka ji ina da ƙwayar da ke kashe yunwa gidana ya zama kasuwa. Kowa ya zo na hana shi, har ana cewa Zinariya ta rame a jiki ta kumbura a rowa. Wadda ta ba ni mamaki Ladidi ce. Yarinyar da iska zai iya ɗauka, me za ta rage? Wai ramuwar azumi take so ta yi. Na gaya mata mai goyo ba ta sha. Ta sunkuyar da kai ta tafi, ni kuwa raina bai kwanta ba.

Cindo, me ka bar musu kafin ka liƙe rumbu ka tafi cin rani?

Ka huta lafiya.
Yayarka, Zinariya

Dakoro, watan Afirilu 1964

Zuwa ga Cindo,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Mu dai ba lafiya ba.

Amsarka ta iso. Ka ce rumbu ba ya buɗuwa sai ruwan shuka ya sauka, haka Baba ya yi, kuma Ladidi tana da hatsin gamanarta, 'yar gonar nan tata ta kanta. Wace gamana? Tsuntsaye sun cinye rabi tun kaka, sauran ya ƙare, kunya ta hana ta gaya maka. Na aika mata hatsi ta mayar, wai suna da shi. Sai yanzu na gane lissafinta: neman hatsi roƙo ne, neman magani kuwa ba abin kunya ba ne.

Na ga kwalbata tana raguwa fiye da shana, na ɗauka idona ne. Ashe in ta zo taya ni shara take ɗiba. Bibbiyu take haɗiya, ta wuni ba ta sa komai a baki ba, rabonta na fura ta ƙara wa yara. Shekaranjiya ta yanke jiki a bakin rijiya da igiyar guga a hannu. Ba don maƙwabciyarmu Azara ta cafko zanenta ba, da yanzu ta'aziyya nake rubuto maka. Ka san zurfin rijiyar garin nan.

Majo ya ce zuciyarta na gudu kamar ta ɗan tsako, jikinta ya bushe, nono ya ƙafe. Ya ce maganinta abinci. Kwalbar na ɗaure ta a bakin zanena, ko wanka da ita nake shiga. Amma tuwon gidana loma ɗaya take yi ta tura wa yara, wai ba za a ce Cindo ya kasa ci da gidansa ba. Mutuncinka take karewa da ranta. Abarci yana tsotson banza yana kuka, madarar akuya kuma ba ta zama a cikinsa.

Tsoro nake ji, wallahi. Kalma ɗaya nake nema, ka ce a buɗe.

Yayarka, Zinariya

Dakoro, ƙarshen Afirilu 1964

Zuwa ga ƙanena Cindo,

Gaisuwa da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, don za ka buƙace ta.

Hamma ya dawo hannu rabbana, ya ce ka ce a ƙara haƙuri, hadari ya kusa. Ranar nan Abarci ya daina kuka. Kai ba ka san wannan shirun ba, ni na sani, na binne biyu. Na je wurin Kawu Badaru, ya ce mace ba ta leƙa rumbun namiji, albarka gudu take. Na tambaye shi ko albarkar ce za ta shayar da yaron, ya kau da kai.

Sai na jingina tsani. Ka tuna bara ko dokin ƙofar zaure na tsallaka sai na tsaya ina haki. To na hau, tsanin yana kuka, rabin unguwa sun yi cirko-cirko suna jiran giwa ta faɗo. Ban faɗo ba. Na ture jinkar, na fasa liƙin da taɓarya. Cindo, damman gero har wuya, ɗanka kuwa yana kwance ƙasa da su kamar tsumma. A kan tsanin na yi kuka.

Da hannuna na sussuka, na daka, na dama. Na ce wa Ladidi geron mijinta ne, ba na kowa ba. Ta sha tana hawaye, ta ƙara. Jiya da hantsi nono ya dawo, Abarci ya kama, da aka cire shi ya tsala ihun da ban taɓa jin mai daɗinsa ba.

Kada ka ga laifin Ladidi, ko tsanin ba ta taɓa ba. In albarka ta gudu, a kaina. Majo ya ce jinina ya sauka, wata mai zuwa lokotoro zai raba ni da ƙwayar. Ka kuma tuna kai da kanka ka sayo maganin da ya hau da ni tsanin nan.

Ka zo da fushinka duka, ina nan ina jira. Za ka tarar da rumbunka a buɗe, ɗanka kuma da rai.

Wassalam.
Yayarka, Zinariya