Mun Cika Motar Hantsi

Ranar Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da ke da 'yarki takwarata, da aikin asibiti. Ya tarin nata? Nan lafiya ƙalau, in ban da zaman da ya ishe ni.

Kada ki yi mini mitar takarda. Kin san waya ba ta kamawa a gidan nan sai na hau matakala na tsaya kamar mai leƙen maƙwabta, kuma kunnena na hagu ya riga ni yin ritaya. Zan riƙa ajiye wasiƙa wurin mai shagon tasha, shi ya ba direban motar asuba, tun da ta ƙofar asibitinku yake wucewa. Ke ma ki riƙa ba shi amsa.

Ɗakinku ya kammala. An yi fenti, an sa raga a taga, mai gyaran famfo ya toshe inda yake ɗiga. Na share, na sake sharewa, har na rasa abin sharewa. Tun rasuwar babanki nake zagaya ɗakunan nan ni kaɗai, in zauna nan, in tashi in koma can, ko'ina bai yi mini ba.

Kin tambaye ni su wa ke unguwar. Tsofaffi ne, Auta. Duk wanda ya ajiye aiki sai ya kwashi kuɗin sallamarsa ya zo ƙarshen gari ya kafa bulo. A layinmu daga ni sai Tsohon Soja da matarsa, sai Mai Kaji da ƙofarta ke kallon tawa. Sauran gidaje an kai su linta an bari, masu su na cikin gari, ciyawa ce ke haya a ciki. Akwai matasa 'yan haya a bayanmu, amma da babur suke fita tun da duhu su dawo da duhu, shanyarsu kawai na sani. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina cewa yara su yi shiru a aji, yau kukan yaro nake nema in ji. Makarantar unguwa ma aji biyu ake haɗawa a ɗaki ɗaya don rashin yara. Amma iska kam akwai ta, tarin takwarata ba zai yi wata a nan ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. An manna sanarwa a tasha, wai kamfanin bas zai duba layinmu a wannan watan, duk zuwan da ba ya samun fasinja a soke shi. Na san in babu mota babu ke a gidan nan. Jiya sau biyu na je na karanta, ko ta canja.

Ki gaida takwara, ki ce mata na aje mata gefen taga. Allah ya yi muku albarka.

Innarki

Ranar Laraba

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. A tsaye nake rubutu, hutun shan ruwa ne, ki yi haƙuri da rubutun.

Tarin yana nan. Da rana ta yi wasa, da ta kwanta ya taso. Likitan yara ya ce ba magani ne matsalar ba, ɗakin ne. Kin dai ga bangon bayan gado, har yanzu gumi yake yi, ga mai walda a ƙasanmu, hayaƙinsa ta tagarmu yake fita. In na rufe taga zafi, in na buɗe ƙauri.

Mai gidan haya ya tare ni a matakala, ya ce kafin wata ya ƙare in faɗa masa ko zan sabunta ko zan tashi, akwai mai so. Na kira baban takwararki a can wurin aikinsa, ya ce ba shi da hutu sai ƙarshen shekara, duk abin da ni da ke muka yanke shi ke nan. Ya iya sauke kaya a kan mutum cikin ladabi.

Inna, ina son zuwa, Allah ya sani. Amma ƙarfe bakwai ake karɓar aiki, kuma shugabar sashenmu ba ta san wani abu wai shi nisa ba. Ban iya babur ba, tasi kuwa ba mai zuwa ƙarshen layinku da asuba. Zan ja wa mai gida rai har mu ga abin da kamfanin zai ce.

Kuma don Allah ki daina hawa matakalar nan, ba ta da abin dafawa.

Ki huta lafiya.

Autarki

Ranar Asabar

Auta,

Assalamu alaikum, da fatan alheri gare ku. Kin ga na yi kwana biyu shiru, aiki ne ya same ni. Ki gyara zama ki ji.

Da na karanta wasiƙarki ban iya zama ba. Na yafa mayafi na buga ƙofar Tsohon Soja, na ce masa fasinja ake nema, mu kuma ga mu a zube ba aikin fari ba na baƙi. Ya dube ni ya ce, "Malama, kin yi magana. Gobe kowa ya fito." Shi kuwa, ko ruwa zai sha sai ya yi kamar umarni aka ba shi.

To yanzu kullum, da mun yi shara, mun karya, kowa ya haɗiyi maganinsa, rana ta ɗan ɗaga, sai mu hallara a tasha. Soja ya jera mu, masu sanda a gaba. Matarsa ta riƙo filas ɗin shayi. Mai Kaji ta ce ita ba ta tafiyar banza, ta ɗauko kiret ɗin ƙwai ta ɗora a cinya, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati a madadin ƙwan. Mu tafi har babbar kasuwa, wani lokaci ko sauka ba ma yi, mu juyo.

Ashe muna da yawa, Auta. Daga layukan baya mutane suka yi ta fitowa, waɗanda ban taɓa gani ba: wani tsohon tela, wata ungozoma da ta ce rabonta da fita tun da aka yi mata aikin ido, da wasu 'yan'uwa biyu da ba sa ga maciji amma kujera ɗaya suke zama. Kowa yana bayan katangarsa yana zaton shi kaɗai ne. Shekaranjiya har tsayuwa aka yi a motar. Ma'aikacin kamfani ya shigo da 'yar na'urarsa yana dannawa, ya ce, "Iyaye, ina zuwa haka?" Tela ya ce masa, "Inda ka ga mun dawo." Motar ta kwashe da dariya, shi ma ya yi.

Rabon da in yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan har na manta. Amma da na dawo gida sai in kasa zama, in leƙa ɗakinku, in gyara labule. Na gaji da jira.

Saboda haka ki faɗa wa mai gidan nan naku ya ba mai so. Mota ta tsaya da ƙafarta, ni na gani da idona. Ki fara ɗaure kaya, tukwane kada ki wahalar da kanki, akwai su a nan.

Allah ya kawo ku lafiya.

Innarki

Ranar Alhamis

Inna,

Ina gaisuwa. Da fatan kina lafiya, da su Baba Soja.

Wasiƙarki ta sa ni dariya har wata maras lafiya ta tambaye ni ko albishir ne. Na ce eh. A ranar na sami mai gida na ce masa mun tashi. Bai ko nuna damuwa ba, washegari ƙanen mai walda ya zo da tef yana auna taga. Na ɗaure littattafai da kayan sanyi. Takwararki ta sa 'yar tsanarta a kwali da kanta, tana ta gaya wa mutanen gida za ta koma gidan da ake ganin sama.

Yau da safe mai gadin asibiti da ke karɓar mini saƙo ba ya nan, sai na fita da kaina. Na yi wa direba godiya, na ce na ji motarku ta cika. Ya ce, "Wace? Tawa dai ga ta." Na leƙa. Mutum uku ne a ciki, ɗaya yana barci.

Inna, wace mota kuke cikawa?

Na koma na karanta wasiƙarki ta farko. Ke da kanki kika rubuta: duk zuwan da ba ya samun fasinja. Ba layin gaba ɗaya suke dubawa ba, kowane zuwa da lissafinsa. Direba ya ce ta hantsi dama ba a taɓa maganar soke ta ba, ta asuba da ta bayan magariba ne ake magana a kansu. Su ne nawa, da ta tafiya da ta dawowa. Ni ma na karanta kin ce sai rana ta ɗaga kuke fita, murna ta hana ni lura.

Ban san sauran kwana nawa su rufe duban ba. Yanzu za a kira ni ɗakin haihuwa. Don Allah ki yi wani abu.

Autarki

Ranar Talata

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na karanta wasiƙarki a gaban mai shago, sai da ya miƙo mini benci. Malamar makaranta guda, na karanta sanarwa har na haddace ta, ban fahimce ta ba. Mu duka babu mai zuwa aiki, shi ya sa ko a ranmu bai zo ba cewa mota tana da lokacin da ya fi wani. Mun zaɓi wadda ta dace da gwiwoyinmu.

A yammacin na bi gida gida. Ba wanda ya ƙi ni da baki. Ungozoma ta ce ba ta gani da duhu, kuma gaskiyarta, layinsu babu fitila ko ɗaya. Tela ya ce in bai karya ba maganin sukarinsa kayar da shi yake yi. Mai Kaji ta ce asuba ce lokacin da kajinta suka fi bukatarta. Na je bayanmu wurin matasan nan, na buga, na buga, ba kowa sai shanya.

Ni da Soja muka fita. Shi da tocila da sanda, ni da bargo a kafaɗa, karnukan kangwaye suna raka mu da haushi. A motar na ga waɗanda ban taɓa sanin da su a unguwar ba: wata mata mai sharar ofisoshi, da wani mai aikin gidan burodi, da wani da ban ji muryarsa ba don barci. Matar ta ce mini da wannan motar take ciyar da 'ya'yanta. Kwanakin da suka rage duka mun hau. Ma'aikacin kamfani ya gan mu, ya danna na'urarsa, ya wuce.

Jiya aka manna sakamako. Daga farkon wata an soke ta asuba da ta bayan magariba. Ta hantsi kuwa, wai saboda yawan jama'a, za a kawo babba mai kujeru masu laushi.

Da yamma tsofaffin suka cika mini tsakar gida suna godiya. Ungozoma ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce na fito da ita daga kabari. Mai Kaji ta kawo ƙwai. Har suna suka sa mini, wai Shugaba. Na yi ta cewa ba komai, ba komai. Soja kaɗai ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Mai sharar nan kuma na ji ta fara neman ɗaki a cikin gari.

Na je ofishin kamfanin yau, aka ce sai shekara mai zuwa za a sake dubawa. Na dawo na kasa shiga gida, na yi ta zagaya layi har ƙafata ta kumbura.

Ni na ce ki saki ɗakinki, Auta. Ina jin kunyarki, kuma tsoro nake ji. In kin ce in rufe gidan nan in zo mu nemi wuri tare, zan rufe. In kin ce in je in roƙi mai gidanku, zan je in durƙusa masa. Ki faɗi abin da za a yi, ni dabarata ta ƙare.

Direba ya ce wannan makon ne na ƙarshensa a layinmu, ki ba shi amsa kafin Asabar.

Allah ya yi miki albarka, ya huci zuciyarki.

Innarki

Ranar Juma'a

Inna,

Ina gaisuwa. Ban yi fushi ba, kuma kada ki durƙusa wa kowa. Ɗakin ya riga ya tafi, ƙanen mai walda ya kawo katifarsa.

Kada ki rufe gidan Baba. Wata abokiyar aikina ta ce in sa shimfiɗa a ɗakinta, kusa da asibiti, amma wurin ba zai ɗauki yarinya ba. Likita kuma ya sake cewa a fitar da ita daga cikin gari.

Ran Lahadi zan kawo miki takwararki a motar hantsi, da kwalayenmu. Ni zan juyo a motar da ta kawo mu. Ki sa ta a makarantar unguwa. Maganin tarin cokali ɗaya ne bayan abinci, za ta ce miki ta sha, ba ta sha ba. Ba ta barci sai ta riƙe gefen zanen mutum.

Ta ɗauka tare za mu zauna, na kasa gaya mata. In ta tambaye ki yaushe zan zo, kada ki sa mata rana, don ni ma ban sani ba.

Ki huta lafiya.

Autarki