Funareha, Saura Mutum Uku

Lahadi, 4 ga Mayu

Ma'aikatar kula da tsibirai ta fitar da sanarwa da safe. Duk tsibirin da masu rajista a cikinsa ba su kai ɗari uku ba a ranar ƙarshe ta wannan wata, za a kwashe mutanensa zuwa babban tsibirin yankin, a cire sunansa daga jerin tsibiran da ake zaune a kai. Shida abin ya shafa. Tsibirinmu Funareha ce ta huɗu, da mutum ɗari biyu da casa'in da bakwai.

A ofis na gani, ina gyaran babin farko na littafin shekara na gwamnati, inda ake bayanin ƙasa, jama'a, mulki da tattalin arziki. Tun da na bar aikin jarida nake riƙe da babin nan. Lamba ɗaya za ta canja a sakin layi na biyu, adadin tsibiran da ake zaune a kai. Na sa mata alama da fensir.

Shekara tara ke nan da na cire sunana da na matata Haseena daga rajistar Funareha, muka koma daftarin birni, wato rajistar mazauna marasa gida, a nan Male, babban birnin ƙasa. Yaranmu biyu ma a daftarin suke. Sai mutum ya cika shekara goma a ciki ba tsinkewa kafin a saka shi layin gidajen gwamnati. Saura mana wata goma sha ɗaya.

Mu huɗu ne. Na iya lissafi.

Litinin, 5 ga Mayu

Bebe Naushad ya kira, kamar yadda na zata. Yayana ne (a harshenmu yaya shi ne Bebe, ƙani kuma Kokko), kuma yana majalisar tsibiri, don haka da bakin biyun ya yi magana.

"Kokko, ka ga takardar?"

Na ce na gani.

"To, kai da ka yi karatu a Colombo, nawa ne ɗari biyu da casa'in da bakwai a tara da huɗu? Ni masunci ne, kifi kawai nake ƙirgawa."

Na yi masa bayani a tsanake. Ko an wuce bana, baɗi fa? Makaranta yara goma sha tara. Samari duk suna aikin otal a tsibiran baƙi masu yawon buɗe ido. Rijiyoyi sun yi gishiri. Na ce masa lambar ba ita ce cutar ba.

"Na gode, malam. A jarida za ka buga wannan ko in karanta wa Mamma?"

Laraba, 7 ga Mayu

Haseena ta ji tun kafin in faɗa mata. Matar Bebe ta riga ni. Tana soya kifi a kan ƙaramin murhun da ke bakin ƙofar banɗaki, ko juyowa ba ta yi ba.

"Shekara tara ina girki a nan, Thoriq. Shiuna ta fara girma, a bayan labule take canja kaya, ubanta na zaune taku biyu. Ka je ka ceci tsibirinku da wani abin, ba da 'ya'yana ba."

Ban sami kuskure ko ɗaya a maganarta ba. Na nema.

Juma'a, 9 ga Mayu

Ruwa tun asuba. Ban fita ba sai masallaci.

Talata, 13 ga Mayu

Na karanta rahoton injiniyoyin da ma'aikatar ta dogara da shi, shafi sittin da biyu. Aiki ne mai kyau, abin haushi. Gefen yamma na Funareha ya ja baya mita goma sha ɗaya cikin shekara ashirin. Kuɗin katangar dutse ya fi kuɗin gina wa kowa sabon gida a wani wuri. Ƙasar da tsibiranta suke warwatse kamar an watsa shinkafa a faranti ba za ta iya kai likita, injin wuta da malamin lissafi ko'ina ba. Ni kaina na rubuta haka a sharhin jarida shekara goma sha biyu da suka wuce, har aka yaba. A lokacin tsibiran wasu nake nufi.

Editan littafin ya leƙo ya ce in bar gurbin lambar fili sai ƙarshen wata.

Asabar, 17 ga Mayu, Funareha

Awa goma sha ɗaya a jirgin kaya, teku ba daɗi. Jiya da la'asar na sauka.

Da safe Mamma ta fita share titin gaban gida kamar kullum, ta bar zanen tsintsiya a kan yashi layi-layi. Matan unguwar da suka rage su biyar ne, suna share titin da a da mata ashirin suke sharewa. Gaban gidajen da aka rufe ma ba sa bari.

Na zagaya tsibirin da ƙafa, minti ashirin da biyar. Kututturan kwakwa a cikin ruwa inda muke buga ƙwallo. Ramukan gwaza sun ƙone da gishiri. Katangar maƙabarta ta faɗi daga yamma. Tsakanin kabarin Bappa, mahaifinmu, da ruwa saura layin kaburbura biyu. Rahoton bai yi ƙarya ba, sai dai ragewa.

Mamma ba ta roƙe ni komai ba. Ta zuba mini shinkafa da romon kifi, ta matsa lemun tsami, ta zauna tana kallona ina ci. Can ta ce, "Gidajen da za su ba mu a can, suna da suna?"

A ƙasarmu gida suna yake da shi, kuma sunan gidan ne adireshin mutum a katin shaida har ya mutu. Namu Hudhuveli, wato farin yashi. Kakana ya raɗa masa.

Na ce, "Lamba ce, Mamma. Layi kaza, gida kaza."

"Irin taka?"

Na ce e, irin tawa. A katina babu gida, sai lambar daftari.

Ta ce, "Ashe ana rayuwa da ita." Ta ƙara mini romo.

Lahadi, 18 ga Mayu, Funareha

Bebe ya raka ni bakin jirgi. Yana yawo da jerin sunaye a aljihun riga, duk wanda aka haifa a nan ya koma wani wuri, yana bin su a waya ɗaya bayan ɗaya. Takardar ta yi laushi don ninki.

"Mutum arba'in da ɗaya na kira. Kowa yana da dalili mai kyau. Ban taɓa sanin tsibirin nan ya haifi masu hankali haka ba."

Na ce, "Bebe, ko ka ci, shekara ɗaya ka ci."

"Mamma shekararta saba'in da takwas, Kokko. Shekara ɗaya-ɗaya take ƙirgawa."

Jirgi ya yi ƙaho.

Laraba, 21 ga Mayu

Tsohon ladanin Funareha ya rasu jiya, Allah Ya ji ƙansa. Ɗansa kuma ya mayar da kansa da iyalinsa babban tsibiri tun yanzu, don ya riga wasu zaɓen gida. Su uku, ga kuma ladan. Ɗari biyu da casa'in da uku ke nan.

Ko mun koma mu huɗu ba za a kai ba. Na faɗa wa Haseena, ta ce Allah Ya ji ƙan ladan, sannan ta saki ajiyar zuciya. Ni ma na ji sauƙi, kamar an ɗauke mini buhu daga ka. Na rubuta nan don kada gaba in ce ban ji ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na gama babin, sai gurbin nan. "Jama'a: masu harshe ɗaya da addini ɗaya, warwatse a tsibirai ƙanana." Gaskiya ne. Duk abin da ke babin gaskiya ne.

Bebe bai kira ba kwana huɗu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na biya ofishin rajista da hantsi, da ma hanyata ce. Fom ɗin mayar da suna rajistar Funareha shafi ɗaya ne. Sunana kawai na sa; Haseena da yara suna nan a daftari. Idan aka tashi kwashe mutane, gara a ce akwai ɗan gida mai iya takardu a rajistar Hudhuveli, Mamma ba za ta iya bin ofisoshi ba. Dalilin ke nan.

Na tambayi ma'aikaciyar ko fitata za ta taɓa shekarun iyalina. Ta ce a da ana duba na miji da mata tare, ba ta san yadda za a yi a wannan zagayen ba.

Na gaya wa Haseena da rana. Ta daɗe tana yanka albasa.

"Mutum ɗaya. Me zai gyara?"

Na ce babu.

"To gara da ka sani." Ba ta ajiye mini abinci ba, ba ta kuma ce in je in janye ba.

Bebe ya kira bayan la'asar. Ban faɗa masa ba, amma ofishin rajista ya riga ya tura wa majalisarsu hoton takardar. Bai yi godiya ba, cewa ya yi rubutuna har yanzu kamar tafiyar kaguwa. Ya ce samari shida masu aikin otal sun yi alkawarin aiko nasu fom ɗin, huɗu sun iso, biyu suna hanya a jirgin gobe idan teku ta bari. Da nawa, ɗari uku cif ke nan.

Gobe Juma'a, jibi Asabar ƙarshen wata, duk ba aiki. Ma'aikatar ba ta faɗa ba ko za ta ƙirga abin da ya iso ranar hutu.