Jinin Mai Igwa

Daren Talata, unguwar Ranuna, Madina

Rubuta min, Maryama 'yata. Dawowarmu ke nan daga mustashfa, wato asibiti. Jikana Usama ya ƙone a hannu. Wai tukunyar gas ce za ta fashe a wani gidan abinci, sai ya tsayar da yaransa 'yan kwana-kwana a waje, ya shiga shi kaɗai.

Na ce masa, "Wallahi ka sake, ban yafe ba!" Ya yi dariya, ya amsa da Larabcinsa, "Ya jadda, kakata, wa ya ba ni labarin mai igwa?"

Ni ce mana. Kakana ne shugaban masu igwa a yaƙin basasar Kano. Igwarsu tsohuwa ce, tana iya tsagewa ta kashe mai kunna ta. In an ɗura albarushi sai ya ce kowa ya ja baya, ya sa wutar da hannunsa. Har ya rasu a Madinar nan kunnensa ba ya ji, amma igwa ba ta ci yaronsa ko ɗaya ba.

Tsoro bai sake ni ba. Amma gobe ki tara min maƙwabta su ji. "Ban yafe ba" ɗin nan kuma, goge shi. Na yafe.