Malamar da Ta Hana Hasiya Jan Fareti

Tudun Wada, Jos
Yuni, 1978

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Isa da yara duka a can Kumasi. Allah ya buɗa masa kasuwa, ya raya mana zuri'a. Mu nan kowa lafiya lau. Damina ta sauka da ƙarfi bana, har ƙanƙara aka yi wadda ta kakkarya mana ganyen gwanda. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yanzu da kansa yake takawa masallaci. Maigidana yana nan yana fama da keken ɗinkinsa.

Saƙonki ya iso ta bakin Lukuman mai fataucin goro, cewa in haɗo shi da Hasiya idan zai koma. Na san dalili. Ni ce na kai miki kuka bara cewa 'yar da kika ba ni riƙo ta gagare ni, kullum sai an biyo ta gida da ƙarar ta doki wani, kuma bulalar makaranta da tawa babu wadda take ji. Duk gaskiya ne a lokacin. Amma Yaya, ki karanta zuwa ƙarshe tukuna, don na ga abin da har yanzu nake jinjina shi a raina.

Tun da gwamnati ta buɗe makaranta kyauta ga kowa, ajinsu Hasiya ya cika maƙil, yara sun haura saba'in, wasu a benci wasu a ƙasa. Bana aka ba su sabuwar malama, Malama Firisila Pwajok, wata 'yar siririya da ke hawo bas daga Daɗin Kowa kowace safiya. Da na ga an daɗe ba a kawo ƙara ba, sai na ɗauka Hasiya ta daina shiga aji ne, na yafa gyale na tafi in gani da idona. Na tsaya a bakin taga na leƙa. Taron yaran nan shiru, kowa ya duƙufa a kan aikinsa, kuma babu bulala ko a kan tebur. Malamar ta ga ni, ta sa aka ba ni kujera a baya, na zauna har aka tashi.

Ga yadda take yi. Kowane layi yana da gwangwanin madara. Yaro ya yi abin kirki, ko da aron fensir ne ya ba ɗan'uwansa, sai ta faɗi abin da ya yi kowa ya ji, ta jefa tsakuwa a gwangwanin layinsu. Ki ga yadda ƙarar tsakuwar nan take miƙar da bayan yara! Layin da nasu ya cika su ke tsinko karas da latas a lambun aji su kai gida. Mai surutu kuwa, kallonsa take fara yi, in bai bari ba ta kira sunansa, in ya ƙara ya koma bencin gefe shi kaɗai har a gama darasi. Ba zagi, ba ɗaga murya. Na tambaye ta ko tana kwashe tsakuwar wanda ya yi laifi, ta ce a'a, alherin da yaro ya yi ya riga ya yi shi, laifi kuma hukuncinsa daban. Doka mafi girma ita ce ta duka: wanda ya ɗaga hannu ya doki wani, zai sauka daga duk muƙamin da yake riƙe da shi, ya kuma yi wa wanda ya doka hidima. Yaran da kansu suka yarda da haka tun farkon shekara.

Ita ce ta lura da cewa muryar nan ta Hasiya da ke cika mana gida tana da amfani, ta ɗora ta a kan jan faretin makaranta na Ranar Yara. Yaya, ba ki ga murna ba. Ta hana mu sakat da hagu-dama a tsakar gida, maigidana ya ɗinka mata sabon yunifom. Sai ana saura 'yan kwanaki, wata yarinya mai suna Nkiruka ta kwaikwayi tafiyarta, yara suka yi dariya, Hasiya ta kai mata mari har leɓenta ya fashe. Nan take Malama ta sauke ta. Kuma hidimar da ta ɗora mata ita ce ta koya wa Nkiruka jan faretin, don ita za ta tsaya a wurinta.

Hasiya ta dawo gida ta ƙi abinci, ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce ita da makaranta har abada. Zuciyata ta karye, washegari na je roƙo. Na tarar har hedimasta ya riga ni, yana cewa ba su da kamar yarinyar nan, a yi mata bulala shida a wuce wurin, kada makaranta ta ji kunya a gaban manya. Malama ta saurare mu da ladabi, sannan ta ce, da Hausarta irin ta nan wadda take ce wa mace kai, ita ma ta fi kowa son ganin Hasiya a gaba, ita ta zaɓe ta. Amma in ta janye doka yau saboda mai laifin gwana ce, to ta koya wa yara saba'in cewa mai baiwa yana iya dukan wanda ya ga dama, kuma ta koya wa Hasiya abin da zai cuce ta har gidan aurenta. Ta ce ta gwammace su zo na ƙarshe. Tana maganar idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sassauta ba. Hedimasta ya koma ofishinsa, ni ma na tashi na kama hanyar gida.

Da yamma sai ga ta a ƙofar gidanmu, takalminta duk taɓo. Ta zauna a tabarma kusa da Hasiya ta ce mata ba korarta ta yi ba, aiki mafi wuya ta ba ta, kuma ta san za ta iya. Ba ta daɗe ba ta tashi don kada bas ya wuce ta. Da safe ban tashi Hasiya ba, na dai ji ƙarar bokiti tana wanka.

Ranar fareti na je filin Folo, inda makarantu suka taru. Nkiruka ce a gaba da ɗan tabonta a leɓe, Hasiya kuwa tana gefen fili riƙe da butar ruwan 'yan ajinsu. Da suka taho, na ga leɓunan 'yarki suna motsi tana ƙirga takun, ƙafarta tana bugun ƙasa, idonta a kan Nkiruka. Da yarinyar ta ba da umarnin juyawa daidai, Hasiya ta daka tsalle har ruwan ya zube mata a jiki. Ba su ci komai ba, wata makaranta ce ta ɗauki kofi. Amma Nkiruka tana fitowa daga layi, wurin Hasiya ta nufa da gudu, suka rungume juna. Ni da Ijeoma, mahaifiyar Nkiruka, wadda tun ranar marin ko gaisuwata ba ta amsawa, muka tsaya muna kallo, kowa tana share ido da bakin zane. A hanyar gida Hasiya ta ce mini, wai da Malama ta yi mata bulala ta bar ta ta ja fareti, da ta sake marin Nkiruka a bayan aji. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ce ta faɗi wannan, Yaya.

Ba zan ce miki ta zama waliyyiya ba. Shekaranjiya ma an kai ta bencin gefe saboda surutu, ta dawo tana ba ni labari tana dariya. Amma hannunta bai sake taɓa ɗan kowa ba. Don haka nake roƙonki, ki roƙa mini Malam Isa, ku bar mini ita ta gama makarantarta a nan. Na san kewar uwa, ban raina ta ba. In Allah ya kai mu dogon hutu ni da kaina zan nemi hanyar kawo miki ita ki gani.

Ki gaishe mini da Malam Isa da yaranki, Jika da auta, da maƙwabciyarki mai kirkin nan da ta yi jinyarki. Baba yana sa muku albarka, maigidana yana gaisuwa. Lukuman zai zo miki da dankalin Turawa da acca, amma zai zo shi kaɗai. Ki yi haƙuri da ni.

Taki ƙanwa mai ƙaunarki,
Kubra