Durorin da Baba Ya Binne

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya gajiya? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke damunsa.

Shekara biyu ke nan garkenmu maraƙi uku kacal ya gani. Bajimi ya hau, mu sa rai, bayan sati uku saniya ta sake neman namiji kamar ba a yi komai ba. Na canza bajimi, na canza dusa, shiru. Baba ya ce bakin mutane ne. Ke da kike wuni leƙen ƙwan shanu a madubin ɗakin gwaji, ki taimaka mana, ko karatun naki na shanun wasu ne kawai? Ga ruwan rijiya da madara na aiko.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Baba da Anti.

Sau biyu na yi gwajin, don ban yarda da na farkon ba. Akwai wani tsohon maganin ƙwari a ruwan da madarar, irin wanda ba ya ruɓewa a ƙasa, sai dai ya taru a kitsen dabba. Na ɗiga irinsa a kan ƙwan shanun da muka haɗa da maniyyin bajimi a ɗakin gwaji. Ƙwan ya rabu biyu, ya rabu huɗu, ya kai takwas, daga nan ya tsaya cak. Shanunka suna ɗaukar ciki, Yaya. Cikin ne ke mutuwa tun kafin kowa ya san da shi.

Ka tuna durorin da Baba ya binne bayan garke muna yara, shekarar da aka hana sayar da maganin? Ku daina shan ruwan nan da madarar, tun yau.

Allah Ya kyauta.
Ƙanwarka

Ƙanwata,

Salam. Mun tona. Duro goma sha ɗaya, duk tsatsa ta huda su, taku ashirin daga rijiya. Baba ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna yana kallo. Can ya ce, "Don kada ku yi wasa da su na binne." Tun ranar ko rabin kwanonsa ba ya ci.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Matata, Antinki, ta yi ɓari sau uku, duk ba su kai wata biyu ba. Mun rufe bakinmu ne saboda surutun dangi. Kin san ta, ba ta karyawa sai da madara. Jiya ta tsare ni a bakin murhu ta ce, "Ni ma shi ne?"

Don Allah kada ki lallashe ni. Shi ne?

Yayanki

Yaya,

Salam. Shanu na gwada, ban gwada mutum ba. Ba zan ce maka shi ne ba, ba kuma zan iya ce maka ba shi ba ne.

Ina tafe Asabar, mu kai ta wajen likitar mata tare. Ka ce mata na gaishe ta sosai.

Kada Baba ya ji wannan tambayar.

Ƙanwarka