Sunan da na ji sau ɗaya a bakin Inna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanku da war haka, ya gida, ya iyali, ya ƙoƙari. Admin ka ɓoye lambata, ka saka mini wannan yadda na rubuto shi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi da wuri, domin ranar Talata ne sunan, yau ga shi Asabar.

Ni tsohuwa ce, na san yawancinku na yi jika da ku. Shekaruna ban san adadinsu ba, amma da wayona aka yi ta maganar Turawa za su tafi, to ku lissafa da kanku. Kullum ina karanta rigingimunku a nan, na miji bai sa hotona a waya ba, na budurwa ta daina amsa kira, ina dariya ni kaɗai a ɗaki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo tawa ba. Kwana biyu na yi ina danna wannan da yatsa ɗaya, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci a Kabo, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Matar jikana Nura ce ta haihu ranar Talatar da ta wuce, mace, a nan gidan ɗana a Gwarzo inda nake zaune. Nura ya ce sunana zai sa mata. Abin farin ciki ne, na sani. Amma sai na ba ku labarin sunan kafin ku gane abin da ya hana ni cin tuwo kwana uku.

Sunana na yanka Sakina. Kar ku ce tsohuwa ta ce a ɓoye ta kuma ta tona kanta, ai duk Gwarzo da Kabo ba mai sanina da shi. A Mainika aka haife ni, zamanin Turawa, kuma kafin ni Innata ta binne 'ya'ya huɗu, ba wanda ya kai yaye. Wabi ake ce wa irin wannan. A lokacin mutanenmu sun ɗauka abin da yake ɗauke 'ya'yan yana bin wanda ake so ne, saboda haka in an haifi wani sai a nuna ba a damu da shi ba. Ni an ce ranar suna juji aka kai ni aka ajiye, wata maƙwabciya ta ɗauko ni kamar tsintuwa, aka sa mini Ayashe, wato a yar da ita. Sunan da liman ya raɗa kuwa aka rufe shi, ba mai faɗa. Na san malaman cikinku za su ce camfi ne, ni ma yanzu na sani, amma matar da ta binne huɗu ba abin da ba za ta kama ba.

Ni dai yarinya ban san wannan lissafin ba. Abin da na sani Inna ba ta goya ni a gaban mutane, ba ta yi mini kitso, maƙwabta ake tura ni. In za ta ba ni tuwo sai ta turo akushi tana kallon wani wuri. A hanyar rijiya kuma 'yan mata suna da wasan da suke yi, kowace a jero mata kalmomin da suka dace da ƙarshen sunanta, a ce Hajara 'yar tattabara, a ce Rabi a so ki a bi. In an zo kaina sai a ce Ayashe, a share a kwashe, tulun gidanku ya fashe. Ina dariya tare da su don kar a ce na ji haushi, in na dawo gida in zauna bayan rumbu. Ba ni da wa, ba ni da ƙani, bayana Inna ba ta ƙara haihuwa ba.

Ina da kamar shekara bakwai aka yi shekarar cutar agana, ma'aikatan En'e masu lamba, wato allurar rigakafi, suka zo a kan kekuna ƙofar gidan dagaci, aka yi shela a fito da yara. Mata suka tsorata, ana ta cewa allurar Bature tana kashewa, kowa ta kama ɗanta ta jefa a rumbu ta rufe. Inna kaɗai ce ba ta ɓoye nata ba. Ina tsaye a tsakar gida dogari ya leƙo, ta nuna ni da baki ta ce ga ta nan ku tafi da ita. Aka tsaga mini dantse, har yau tabon yana nan. Na dawo ina kuka, ba don zafin ba, don duk ƙauyen ni kaɗai ce ba a ga darajar ɓoyewa ba.

Bayan kwana uku hannu ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni, ban san inda kaina yake ba. Wata rana da hantsi, kowa ya tafi gona, gidan shiru sai kaji, na farfaɗo na ji kaina a kan cinyar mutum, ana yi mini fifita da faifai. Ban buɗe ido ba. Sai na ji muryar Inna can ƙasa, tana rerawa:

Sakina ta cikina,
Sakina rabin jikina,
Ki zauna mini a ɗakina,
Na ɓoye ki a bakina.

Ta yi ta maimaitawa, hawayenta yana ɗiga mini a kunne. Ban san wace ce Sakina ba, amma na san da ni take. Wautar yarinta ta sa na buɗe ido. Wallahi kamar ta taɓa garwashi, ta ture kaina kan tabarma ta miƙe ta gyara zani, ta ce Ayashe tashi ki sha kunu, kin cika mutane da raki. Da na warke ba a yi wata ba aka ɗora ni a jaki aka kai ni riƙo Kabo wurin Goggo, ƙanwar Babana. Inna ko zaure ba ta rako ni ba, daka take yi na fita.

Sau uku na ƙara ganinta, duk da sallah, kuma gaisuwa ce kawai ta haɗa mu. Ta rasu saura kaɗan Turawa su tafi, ina 'yar budurwa. Bayan sadakar bakwai muna hanyar komawa Kabo na ce wa Goggo ni ban yi kuka ba saboda matar nan ba ta taɓa sona ba. Goggo ta tsaya a gindin wata ɗorawa ta zage ni tas, sannan ta zaunar da ni ta warware mini. Ta ce ranar lamba da Inna ta ɓoye ni da ta nuna ina da daraja, shi ya sa ta miƙa ni, kuma ina fita ta shiga ɗaki ta faɗi. Ta ce da Inna ta ga na ji sunan a bakinta sai tsoro ya kama ta, ta tona abin da ta rufe shekara bakwai, shi ya sa ta roƙi a nesanta ni da ita don in rayu. Ta ce duk daddawa da man shanun da ake aiko wa Goggo daga Mainika nawa ne, an dai hana a gaya mini. A gindin ɗorawar nan na yi kukan da ban yi a gidan makoki ba.

Daga nan rayuwa ta ci gaba. Na yi aure, Malam mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, fiye da shekara arba'in bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma ke kawai yake ce mini, shi ne sunana a wurinsa. 'Ya'ya suka ce Inna, jikoki suka ce Hajiya, katin zaɓe da fasfon Makka duk Ayashe aka rubuta. Ma'anar sunan ma ban sani ba sai da furfura ta fito mini, a Islamiyyar matan aure. Malama tana fassara ta zo kan kalmar, ta ce sakina ita ce natsuwar da Allah yake saukarwa a zuciyar bawa bayan firgici, hankali ya kwanta, zuciya ta daina rawa. Na sa ta maimaita. A ranar na gane liman ba ni ya yi wa addu'a da sunan ba, Inna ya yi wa, ita kuwa baiwar Allah ko a baki ba ta samu ta ji daɗinsa ba. Na rufe fuska da hijabi, matan aji suka ɗauka ciwon kai ne.

Yanzu duk waɗanda suka san wannan labarin sun tafi. Ɗana ya gina mini ɗaki mai kyau a bayan gida, ga fanka ga talabijin, ba na rasa komai. Da safe a zo bakin ƙofa a gaishe ni a wuce, kowa da sabgarsa. Ina jin kewa, ba zan ɓoye muku ba. Wani lokaci in gidan ya yi shiru da rana nakan faɗi sunan ni kaɗai, don in ji ko har yanzu yana nan.

To da Nura ya zo mini da maganar takwara, ashe shi ma bai san sunan ba, uban ne ya rubuta masa a waya don ba zai iya furtawa ba. Na ce na gode, amma da sharaɗi, a riƙa kiran yarinyar da sunan. Kun san al'adarmu, in an sa wa yaro sunan kaka sai a rufe shi da laƙabi, su har sun gama shawara Ummi za a riƙa ce mata. Na ce ban yarda ba, sunan nan ya gaji da ɓuya. Nan gida ya rikice. Surukata ta ce ita bakinta ba zai iya ba, yaya za a yi ta tsaya a tsakar gida tana ƙwala wa sunan uwar mijinta kira, in yarinya ta yi ɓarna kuma a haɗa da zagi. Ɗana ya zo da kansa ya durƙusa, ya ce in yi masa rai, mutanen unguwa za su ce bai san darajar uwarsa ba. Na ce darajar da ba a ji a kunne me zan yi da ita. Ransa ya ɓaci, abin da bai taɓa yi a gabana ba, ya ce in dai sai an kira to gara a sa wa yarinyar sunan kakarta ta wajen uwa a huta. Ya fita bai sha furar da na dama masa ba, tun ranar kuma daga bakin ƙofa yake gaishe ni.

Ban ba su labarin Inna ba, ba su san komai ba, gani suke rikicin tsufa ne. Kuma ga inda bakina yake mutuwa. Wannan ɗan nawa shi ne ɗan fari, ya haura sittin, ban taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya. Kunyar ɗan fari, haka na tarar ana yi, haka na yi. Yana ƙarami in ya faɗi wata ce take ɗaga shi, ni in kau da kai. Ban taɓa tambayar kaina ko shi ma ya zauna bayan rumbu ba sai a kwanakin nan. Da wane baki zan ce masa kunya ba ta da amfani?

Jiya da hantsi maijego ta shiga wanka, aka kawo mini jaririyar in riƙe. Ɗakin ba kowa. Na ɗora ta a cinya, na ji bakina yana yi da kansa, Sakina ta cikina, rabin jikina, har ƙarshe, ban manta ko kalma ɗaya ba. Yarinyar ta buɗe ido tana kallona. Sai na ji takun surukata a bakin ƙofa. Jama'a, kun san abin da na yi? Na yi wuf na ajiye ta a katifa na gyara ɗankwali, na ce ku zo ku ɗauke wannan mummunar ta cika ni da kuka, alhali ko motsi ba ta yi ba. Sai da aka fita da ita na gane muryar wa na yi.

To ku gaya mini. In haƙura a sa sunan a rufe shi da Ummi, ya ƙara wata shekara tamanin a ɓoye, ko in dage in rasa takwarar gaba ɗaya, in kuma ɓata wa ɗana? Ko in kira shi ɗaki in ba shi labarin nan duka? In haka ne ku koya mini ta inda ake farawa, domin na san sai na fara kiran nasa sunan kafin in nemi a kira nawa, kuma tun jiya nake gwadawa ni kaɗai, yana zuwa bakina ya tsaya. Masu iyaye a raye da masu 'ya'yan fari, ku nake jira, zan karanta duk abin da kuka rubuta ko da zagi ne. Na gode, Allah ya bar ku da masu kiran sunanku.